Layi Uku a Ƙarƙashin Kalmar Turanci

Lolo, 18 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Muhsin,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka da mutanen Anaca. Mu nan da sauƙi. Ni da ɗiyata Fatiha muna gidan Baba a Lolo. Ta yi mura, ta warke. Goggo, mahaifiyarku, tana Lafagu, ƙafar ce dai ke damunta kamar kullum. Ruwa ya cinye shinkafar fadama duka, har tamu. Yayanka bai dawo ba tukuna.

Wayata ta faɗa gulbi, shi ya sa na rubuto. Abbas mai motar albasa ya ce yana ganinka a kasuwar 'yan albasa duk sa'ad da ya sauke kaya, na ce ya miƙa maka.

Ga abin da ya sa na nemo ka. Mutanen wata ƙungiya sunka zo makarantar firamare sunka raba wa mata fom, wai za a taimaki waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna. Duk da Turanci yake. Suna, shekaru da yawan ɗiya na gane su, na cike. A ƙasa akwai wata kalma, da layi uku a ƙarƙashinta babu komai. Na kwafo ta harafi bayan harafi: abilities.

Safina maƙwabciyarmu ta ce nakasa ake tambaya, ta rubuta babu. Matar liman ta ce a'a, kayan da mutum ya yi hasara ne, ta sa an rubuta mata buhu tara da awaki biyu. Ban so in tambayi maza a bakin makaranta ba, don in sun gan ni sai su yi shiru. Kai ne malamin Turanci. Ka faɗa mini abin da take nufi da abin da ake rubutawa a wurin. Sun ce za su dawo karɓa cikin wata mai kamawa.

Ka gaida abokan bautar ƙasarka.

Yayarka,
Rahmatu

Anaca, 29 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Rahmatu, matar yaya kuma 'yar kawu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dai ruwan sama da ba ya gajiya da kewar tuwon shinkafa. Allah ya mayar da alherin abin da ruwa ya ci. Ki shafa mini kan Fatiha.

Yau dai rana ta zo da kika nemi ilimi a wurina, ke da kike cewa boko bai ƙare ni da komai ba sai tabarau. To ki gyara zama.

Safina ta yi kusa, amma ta faɗa ramin da ke gefen hanya. Kalmar da take nufi ita ce disability, ita ce nakasa. Taki ba ta da waɗannan haruffa uku na farko. Ability na nufin iyawa, wato abin da mutum zai iya yi. Idan an ce abilities, an tara su ke nan, duk abubuwan da kika iya. Safina ta sanar da su cewa ba ta iya komai ba, ki ce ta je ta goge tun kafin su yarda da ita.

Turawa suna da wasu kalmomi biyu da ke zaune kusa da ita. Akwai talent, wannan baiwa ce, abin da aka haifi mutum da shi, kamar muryar ladanin Lafagu. Akwai skill, wannan ƙwarewa ce da aka koya a hannun wani, kamar ɗinki ko gyaran injin ban ruwa. Ability ta haɗa su duka. Ba ta tambayar inda kika samo, abin da take tambaya kawai shi ne, kin iya ko ba ki iya ba.

Layi uku ma sun yi miki kaɗan. Rubuta bandar kifi, don babu mai yin wadda ta kai taki daɗewa ba ta lalace ba. Rubuta yaren Dendanci, tunda har ciniki kike yi da shi a tsallaken iyaka. Na uku kuwa, wanda ya kamata ya zo farko, iya ruwa. Kowa a Lolo ya san 'yar Kawu Abu ta fi maza iyo. Wanda ya shiga jirgi ɗaya da ke ai ya kwanta ya yi barcinsa. Har yanzu ina mamakin yadda aka yi kika auri Yaya Sulaiman, mutumin da ko ruwan bokiti ya gani sai ya yi addu'a.

Shi kuma me ya riƙe shi? Goggo ta ce mini a waya ya tafi Malanbil, can tsallaken iyaka, amma mako uku ke nan layinsa ba ya shiga. Idan ya dawo ki ce ƙaninsa na fushi. Ko kati ne ya gagara, ya faɗa, in tura masa daga alawus ɗina.

Naki,
Malam Muhsin, mai ƙamus

Lolo, 8 ga Oktoba

Muhsin,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Takardarka ta iso, na karanta. Safina ta goge nata, ta ce a yi maka godiya.

Tambaya ɗaya ta rage. Idan mutum yana da abin nan, sai ranar da anka buƙace shi ta zo bai yi amfani ba, har yanzu ana rubuta shi a layin? Ko ya fita daga cikin abin da kalmar take nufi?

Na rubuta kifi da Dendanci. Layi na uku yana nan.

Rahmatu

Anaca, 17 ga Oktoba

Yaya Rahmatu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san yadda ake fara wannan takarda ba. Abbas ya miƙo mini taki a bakin motarsa, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ya ƙarin haƙuri, Malam?" Na ce haƙurin me? Ya dube ni, ya saki hannun, ya ce shi bai san ba a faɗa mini ba. A nan tsakanin buhunan albasa ya gaya mini cewa jirgin da ya taso daga Malanbil ranar uku ga Satumba ya kife kafin ya iso Lolo, kuna ciki ke da Yaya, an same ki, ba a same shi ba.

Na kira Goggo. Ta ce, "Wa ya ce maka ya mutu? Ka ga gawa?" Ta kashe wayar. Na kira Kawu Abu, ya tabbatar mini, ya ce Goggo ce ta hana a faɗa, kuma ke ba kya karɓar waya.

Na koma ɗaki na ɗauko takardarki ta farko. Kin rubuta, "Yayanka bai dawo ba tukuna." Na karanta wannan layi a wancan lokacin kamar yadda ake karanta labarin farashin gero. Sannan na zauna na rubuta miki abin da na rubuta. Ina tuna kowace kalma. Da zan iya bin motar Abbas in ƙwato takardar kafin ta iso hannunki, da na yi.

Ki yafe mini. Ban nemi ki amsa ba.

Na nemi izinin tafiya gida, shugaban makaranta ya ce sai an gama jarrabawa a Disamba, tunda babu takardar shaidar rasuwa. Ban yi masa gardama ba. Na shiga aji na koyar da darasin ranar. Ban san abin da na faɗa musu ba.

Muhsin

Anaca, 12 ga Nuwamba

Yaya Rahmatu,

Sallama. Ina fatan ke da Fatiha da su Kawu kuna lafiya. Abbas ya zo sau biyu babu takarda. Na ce ban nemi amsa ba, kuma gaskiya ne, amma duk zuwansa sai na tsaya ina kallon aljihunsa.

Kin yi mini tambaya ban amsa ba. Na daɗe ina juya ta, don yanzu na san abin da kike tambaya. Zan amsa miki a matsayin wanda aka tambaya ma'anar kalma, don iyakar abin da na sani ke nan.

Ability ba alkawari ba ce. Ba ta cewa duk ranar da aka nema za a samu. Likita yana da ita, kuma marasa lafiya suna mutuwa a hannunsa, washegari ya koma asibiti, ba a cire sunansa daga ƙofa. Turawan ma sun raba maganar gida biyu. Suna da yadda suke cewa mutum ya iya abu, suna da wata hanya daban ta cewa ya samu ya yi shi a rana kaza. Fom ɗin na farkon yake tambaya. Bai tambayi ranar uku ga Satumba ba.

Na san wannan bayanin ƙamus ne, kuma ƙamus bai taɓa shiga gulbi ba. Idan kin bar layin haka, babu wanda zai ce kin yi laifi.

Ni kaina ban yi kuka ba har yau. Ina cin abinci, ina zuwa aji, ina gyara littattafan yara. Lambarsa na nan a wayata, wani lokaci in danna in saurari matar nan tana cewa ba a samunsa.

Ƙaninki,
Muhsin

Lolo, 1 ga Disamba

Zuwa ga Muhsin,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Fatiha ta fara zuwa makarantar allo. Takardunka biyu sun iso. Ban yi fushi da kai ba. Abin da ka rubuta kowa a garin nan ya faɗe shi a zuciyarsa, kai ne kawai ka faɗa da dariya don ba ka sani ba. Na ma fi son naka.

Zan gaya maka yadda anka yi, sau ɗaya, don kada ka ji a bakin wasu.

Mun je Malanbil sayar da kifi, shi kuma yana son ya duba injin ban ruwa. Ba ya son jirgi, ka sani, amma hanyar mota ta yanke. Da la'asar munka taso. Jirgin ya cika, buhuna da babura biyu da mutane a kan kaya. Mata muna baya, maza suna gaba. Na hango shi ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu, ya ga ina kallonsa, ya saki hannu ɗaya don kada in yi masa dariya.

Munka bugi wani abu a ƙarƙashin ruwa, kututture ne ko me, ban sani ba. Ban ji ƙara mai yawa ba. Na dai ga ruwa a cinyata, sai kuma na ga ina ƙasa.

Da na taso na nufi gaba, inda maza suke. Wata mata ta riƙe mini wuya ta baya. In ban fitar da ita ba, mu biyu za mu tafi. Na ja ta zuwa cikin ciyawar burgu inda ƙafa ke taɓa ƙasa, na koma. Hannuna ya faɗa kan gashin wata yarinya, na kai ta. Na koma na uku. Na nutsa har kunnena ya fara zafi. Na taɓa buhu, na taɓa tayar babur. Na yi ta komawa har masunta sunka zo da kwale-kwale sunka ɗauke ni da ƙarfi. Sun ce sau bakwai na nutsa. Ni ban ƙirga ba.

Kwana biyu bayan haka Goggo ta zo daga Lafagu. Ta zauna a tabarma, anka kawo mata ruwa ba ta sha ba. Ta dube ni ta ce, "Ke da kinka iya ruwa." Ta tashi ta koma, ta ce kada wanda ya yi zaman makoki, ɗanta tafiya ya yi.

Tun ranar ban je bakin gulbi ba. Ba tsoro nake ji ba. Ba na jin komai. Ina dafa abinci, in ci, ban san ko da gishiri ba sai Baba ya faɗa. Mutane suna zuwa suna kuka, ni ina kallon bakinsu.

Makon jiya matar da ta riƙe mini wuya ta zo. Sunanta Uwa, Badendiya ce daga wani ƙauye a tsallaken iyaka. Ta yi ta tambaya har ta gano gidanmu. Ta kawo mini sabulu da zane. Muna cikin magana ta ce masuntan ƙauyensu sun tsamo wani mutum kwana uku bayan hatsarin, ya maƙale a cikin ciyawa, ba su san ko waye ba, sunka yi masa sutura sunka binne. Mai garinsu ya ajiye abin da ke aljihunsa.

Ni da Baba munka hau babur munka je. Mai garin ya fito da leda. Makullin babur ne da zaren shuɗi da na ɗaura masa, da takardar mai injin ban ruwa, ta jiƙe ta bushe ba a karanta komai. Na ce nasa ne. Sunka nuna mana wurin, ƙarƙashin wata tsamiya, sun kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi. Baba ya yi addu'a. Ni na tsaya ina tunanin ko na rufe tukunyar miya kafin mu fito.

Baba ya kai wa Goggo makullin. An yi zaman makoki kwana uku a Lafagu. Liman ya ce takabata ta fara tun ranar da abin ya faru, saura wata ɗaya da kwanaki.

Mutanen fom sun zo sun karɓa tun Oktoba, na ba da nawa da layi biyu. Bayaninka ya zo a makare, amma na karanta shi sau da yawa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Rahmatu

Lolo, 20 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Muhsin,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan ka koma aiki lafiya. Da ka zo gaisuwa ba mu sami magana ba, mutane sun yi yawa, kai ma kuma ba ka iya kallona ba. Babu komai. Ka rame, ka riƙa cin abinci. Na fita takaba. Fatiha lafiya, tana tambayar mai tabarau.

Akwai labari biyu.

Na farko, wata ma'aikaciyar ƙungiyar nan, Malama Munawwara, ta zo har gida da fom ɗina a hannu. Ta ce suna da rigunan ruwa masu hana nutsewa da za su ajiye a mashigin Lolo, amma mata ba sa yarda namiji ya ɗaura musu, kuma suna neman macen da za ta koya wa mata da 'yan mata yadda za su riƙe kansu a ruwa ko na minti biyar ne, kafin taimako ya zo. Ta ce duk wanda ta tambaya sunana yake faɗi.

Ta ce, "Amma a takardarki ba ki rubuta ba."

Na ce, "Ban rubuta ba."

Ta ce, "Mantuwa ce?"

Na ce, "A'a. Mijina a ruwa ya mutu ina wurin."

Sannan ta ce ta sani, kuma ta san akwai mutum biyu da ke yawo a duniya yau. Ta ajiye fom ɗin da biro a kan tabarma ta ce za ta dawo jibi, in na ga dama. Kwana biyu yana nan a inda ta bar shi, muna kewaye shi. Ranar da za ta dawo na ɗauka na rubuta da Hausa, iya ruwa. Na yi zaton zan ji wani abu, ban ji ba.

Na biyu, Goggo. Ana gobe za mu fara koyon iyon, sai ga ta da rana tsaka, ta sauko daga babur tana jan ƙafa. Rabona da jin muryarta a kaina tun maganar nan. Ta zauna, ta sha ruwa wannan karon. Ta ce ta ji abin da zan yi.

Ta ce, "Kin san ni ma a gidan nan anka haife ni. Kafin a kai ni Lafagu babu yarinyar da ta kai ni iyo, ki tambayi ubanki."

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ƙanenmu ya nutse ina da shekara goma sha biyu. Da na haifi nawa na rantse ba mai taɓa gulbi. Duk zuwanmu Lolo ina riƙe da hannunsu. Sulaiman yana da shekara takwas ya bi yara bakin ruwa, na yi masa dukan da ya kwana biyu bai zauna ba. Bai sake ba." Ta gyara ɗaurin kallabinta. Ta ce, "Abin da na faɗa miki ranar nan, ba da ke nake ba."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. Munka zauna har anka kira la'asar.

Washegari da hantsi munka je wani lungu a ƙasan mashigi inda maza ba sa bi. Mata goma sha ɗaya sunka zo, har da Safina, da Uwa da ta tsallako da ɗiyarta. Goggo ta zo da Fatiha a hannu ta ce da wannan za a fara. Na shiga da zanena har ƙugu. Ruwan da sanyi. Na jira in ga ko zuciyata za ta buga, ba ta buga ba. Na kwantar da Fatiha a kan tafin hannuna, na ce ta kalli sama ta buɗe hannuwa. Ta yi kuka, ta sha ruwa, ta kama mini riga. A karo na huɗu na zare hannuna a hankali ba ta sani ba, ta tsaya a kan ruwa ita kaɗai ina ƙirgawa har goma.

Goggo tana zaune a kan gaɓa ta ba gulbi baya tun da munka fara. Da mata sunka yi guɗa ba ta juyo ba. Ta dai tambayi Safina, "Ta tsaya?" Safina ta ce ta tsaya. Ta ce to.

Yanzu sau biyu a mako muke yi. Ina komawa gida in yi wanka in dafa abinci. Har yanzu Baba ne ke faɗa mini in gishiri ya yi.

Abbas ya ce a watan Yuni za ku gama. Goggo ta ce in gaya maka, in za ka taho ka sayo gajeren wando mai kauri. Baba zai kai ka inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ta ce ba shawara take ba ka ba.

Yayarka,
Rahmatu